Alkyabbar kakanmu ta yi hunhuna, in jiƙa ta?

Tambaya: Malam, kakanmu limamin ƙauyenmu ne a ƙasar Ringim. Da muka buɗe adakarsa bayan damina, sai muka tarar alkyabbarsa ta mulufi da rigarsa saƙi mai aska takwas sun yi hunhuna, asu ya fara cin wuyan alkyabbar. An ce in jiƙa su a omo da gishiri su kwana, in shanya a rana. Hankalina ya tashi.

Amsa: Ɗana, don Allah kada ruwa ya taɓa su. Wannan shawara ta omo da gishiri ta halaka rigunan gado fiye da gara da asu, kuma kullum sai an kawo mini gawar wata. Mulufi ulu ne, yana jiƙa zai takure ya daskare, jan launinsa ya zuba a kan aikin zaren azurfa, ba kuma gyara. Saƙin nan shuni ne jikinsa. Idan aikin askar da zaren silikin tsamiya aka yi, ko shafin alharini ne, irin wanda fatake suka riƙa kawowa Kano daga Tarabulus ta hamada, to omo cinye siliki yake yi, rana kuma ta ƙarasa shi. Har rawani ɗan Kura na ga an dirje wai yana ɓata hannu! Wannan ƙyallin ba dauɗa ba ne, shuni ne mabuga suka yi ta dukansa har ya zauna, shi Buzaye suke biyan kuɗi a kai. Mai wankin da bai taɓa leƙa karofin Ƙofar Mata ba, ina ya san wannan? Amma shi ne zai rantse maka gishiri na kama launi.

Shimfiɗa su a inuwa da hunturun nan, inda iska ke wucewa. In sun bushe, ka rufe hancinka, ka share hunhunar da burushi mai laushi a hankali. Kada ka rataye alkyabbar, nauyinta zai yaga kafaɗa. Naɗe kowacce a wankakken farin alawayyo, ban da leda, domin leda danshi take riƙewa. Kafur ka ƙulle shi a tsumma a gefe. Adakar kuma a ɗaga ta daga ƙasa.

Dillalin da zai zo ya ce tsohuwar riga na da iska, a ba shi ya raba ku da ita, ku sallame shi tun daga zaure.