Da me ya kamata a shafe cikin kwamin shuka na kankare?

Tambaya: Na sa an gina mini kwamayen shuka na kankare, zurfinsu rabin mita, ina son noman kayan lambu ba takin zamani, ba maganin feshi. Magini ya ce a shafe cikinsu da kwalta don kada ruwa ya ratsa. Wannan ba zai taɓa abin da za mu ci ba?

Amsa: Malam, kada ka yarda kwalta ta haɗu da ƙasar da za ka shuka abin ci. Daga ɗanyen man fetur ake samo ta, kuma zafin rana na tsattsaga ta. Haka ma ragowar fentin mai, don wani yakan zo da dalma a ciki.

Amma magininka ya yi gaskiya cewa kankaren na bukatar kariya. Jiƙaƙƙiyar ƙasa na jingine da bango kullum, danshi ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Sannan sabon kankare na tsatso sinadarin farar ƙasa. A ma'aunin pH, wanda ke nuna yawan tsami ko kaifi irin na kanwa a cikin abu, yakan haura 12, alhali yawancin kayan lambu tsakanin 6 da 7 suke so. Shi ya sa za ka ga ganyen da ke gefen bango ya yi ɗorawa, na tsakiya kuwa shar.

Da farko ka bar kankaren ya cika kwana 28, ana yayyafa masa ruwa a makon farko. Sai ka kankare ƙura da ɓarɓashi, ka cike duk wata tsaga. Kusurwar da bango ya haɗu da daɓe, nan yoyo ke farawa, don haka ka cike ta da kwaɓin siminti awo 1 da yashi awo 3, ka goge ta yi lanƙwasa.

Abin shafawa kuwa, nemi garin siminti mai hana ruwa wanda aka rubuta a jikin buhunsa cewa ya dace da tankin ruwan sha. Wannan rubutun shi ne shaidarka, ba bakin mai sayarwa ba. Jiƙa bangon, amma kada ruwa ya kwanta, don busasshen kankare na zuƙe ruwan kwaɓin, shafin ya ɓare kamar ɓawo. Yi shafi biyu da buroshi, kowane kaurin kusan milimita 1, na farko a kwance, na biyu a tsaye. Idan ya ƙame, toshe ramukan fitar ruwa, cika kwamin da ruwa na kwana 2, ka duba ko ya ragu, ka zubar.

In shimfiɗar roba ka fi so, ɗauki robar HDPE mai lamba 2 (lambar da ke nuna nau'in roba) ko robar tafkin kifi ta EPDM, a jikin bango kawai. Guji PVC mai lamba 3, saboda sinadaran da ake sa mata don ta yi laushi.

Kada ka manta da mafitar ruwa, don kwamin da ba ya yoyo tafki ne, saiwa kuma ruɓewa take a ciki. Huda ramuka masu faɗin santimita 2 kowace tazarar santimita 30 zuwa 40, ka rufe bakinsu da raga. Jibga tsakuwa a ƙasa ba ya maye gurbin rami, sai ma ya rage wa saiwa zurfi.