Amsa ga ɗana kan kabarin kakanmu ɗan baka

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na ji tambayarka. Ka ce ka ga hoton maƙabartar sojoji ta Arlington a Amurka, wadda aka fara binne mamatan yaƙin basasarsu a cikinta a 1864, duwatsu a jere da sunaye, har ka ji kamar mun yi wa kakan kakana butulci, tunda ya faɗi a fagen fama zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello amma babu mai iya nuna kabarinsa.

Bari ka fara sanin ko wane ne shi. Dakare ne, wato mayaƙin ƙasa, kuma manomi ne kafin komai, domin galibi sai an gama girbi an rufe rumbuna, rani ya shigo hanyoyi sun bushe, sannan ake buga tambari a fita. Abin da ya mallaka bai wuce baka da kwari da warki da gorar ruwa da ɗan guzurin gumba ba. Kibiyarsa ta kyauro ce, ba ta da gashi, an shafa wa tsininta dafin kwankwani, saboda haka ko ƙwarzane ta yi wa doki ya isa. Barade suna bisa dawakai cikin lifidi da sulke, maroƙa na yi musu kirari, shi kuwa yana tafe cikin ƙurarsu, kuma ranar rabon ganima, bayan an cire humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar na ganimar, mai doki ya ɗauki kaso uku shi ya ɗauki ɗaya. Amma irinsa ne suka riƙe Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, lokacin da jama'ar Shehu, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, ba su da dawakai fiye da kamar 20, 'yan baka suka tsaya suka karya dawakin Yunfa Sarkin Gobir. A ƙarshen wannan shekara kuma, a Tsuntsuwa, an rasa mutum kamar 2,000, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne, kuma kaɗan ƙwarai ne aka riƙe sunayensu.

Rashin kabari sananne kuwa hukunci ne aka bi da gangan. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi shahada a fagen yaƙi ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, da tufafinsa da jininsa ake rufe shi a inda ya faɗi, kamar yadda aka yi wa shahidan Uhudu, waɗanda aka haɗa biyu ko uku a rami guda. Ko wanda ya mutu a ɗakinsa ma, tudun ƙasa ake yi masa, a sa fasasshen tulu a gefen kai, a jibga ƙaya saboda kuraye, damina kaɗan su baje shi. Hubbaren Shehu a Sakkwato da na Bello a Wurno an kiyaye su ne saboda matsayin masu su, kuma ban taɓa jin dattijo a gidanmu ya yi ƙorafi a kan haka ba.

Tunawarmu da shi tana cikin gida. Matarsa ta yi takabar wata 4 da kwana 10, aka yi masa sadaka, kuma tun daga nan ba a taɓa rasa mai sunansa a zuriyarmu ba, wanda shi ya sa iyayenka mata ba su kiran sunan yankan yayanka, sai dai su ce Baba. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan dama fura duk daren Juma'a ta miƙa wa almajirai ta bakin zaure, ta ambaci sunansa a hankali, alhali ba ta taɓa ganinsa ba. Ina yaro na ɗauka wani maƙwabci ne da ya rasu kwanan baya, saboda yadda muryarta take rawa.

Idan ka zo Babbar Salla, ka dubi 'yan baka da ke tafiya a ƙasa gaban sarki ranar hawa, domin sahunsa ke nan. Ka taho da gero kwano biyu, uwarka ta daka, mu yi masa sadaka tare da kai.