Kai da ke son zuwa Faransa koyon kafinta, ko in aiko maka da injina

Ɗana, na saurari saƙon muryar da ka turo, kuma a nan zan ba ka amsa don ba kai kaɗai ba ne, kusan kowane wata sai wani yaro daga Maraɗi ya turo mini irin wanga zance. Ka ce kana son buɗe ɗan wurin aikin katako a zauren gidanku na unguwar Zariya, in taimaka maka ka zo Faransa ka koyi aikin ka tara kaya, in kuma hakan bai yiwu ba in saya maka injina na hannu in aiko tunda an ce maka nan a bola ake zubar da su. Wa ya faɗa maka haka? Ina son in san shi.

Maganar zuwa dai ka aje ta. Ofishin jakadancin Faransa na Yamai a rufe yake tun farkon 2024, ko takardun biza sai ka fita wata ƙasa, kuma bizar karatu ta masu shiga jami'a ce, sai ka nuna kana da kuɗɗin ci da kwana na kowane wata, ba su ba mutum ita don ya ce yana son riƙe zarto. Hanyar Agadas kuwa kar ma in ji ta a bakinka, uwarka ba ta da wani namiji sai kai. Ni da na zo da sana'ata a hannuna, na iya haɗa gado da kabad da ƙofa tun ina gaban ogana a Maraɗi, shekaru na yi ina ɗaukar buhun siminti da allunan filasta ina hawa da su bene saboda ba takarda, ba wanda ya taɓa tambayata mi na iya. Akwai wani mai aiki da na yi wa wata guda cur cikin sanyi, ranar biya ya kashe waya, kuma ya san ba ni da inda zan kai ƙara. Sai da na samu takarda, na koma na zauna aji ɗaya da yaran da na isa in haifa na yi CAP na kafinta, wato takardar shaidar sana'a ta nan Faransa, sannan aka fara kallona kamar mai sana'a. Yau alhamdulillahi motar aiki tawa ce, kayan da ke cikinta nawa ne, amma ba zan so ɗan 'yar'uwata ya biyo ta inda na biyo ba.

Kayan hannu da araha akwai, wanga gaskiya ne. Ranar Lahadi ana kasuwar tsoffin kaya a ƙauyuka, akwai shagunan tsoffin kaya na Emmaüs, akwai Leboncoin, shafin saye da sayarwa a waya. Na sha sayen cizal da rabo, wato abin gyara fuskar katako, na tsoffin kafintoci da kuɗɗin da bai kai na abincin rana ba. Amma kai lissafinka a sefa yake, yuro 100 jika 65 ne da ɗori, sannan ga kuɗɗin kwantena da ake biya gwargwadon wurin da kaya suka ci, ga duwan, kuma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kayan da da can ke sauka Kwatano sai sun zagaya ta Lome da Burkina, wata da watanni ana jira. Kafin injin ya iso Maraɗi ya ninka kuɗɗinsa. Kuma bari in faɗa maka abin da ya fi ci mini rai, na taɓa haɗa kwali guda na aika wa wani ɗan'uwanmu da ya yi ta roƙona kamar yadda kake yi yanzu, kaya masu kyau waɗanda ni kaina ina buƙata, ko shekara ba a yi ba aka ce mini ya sayar ya yi lefe. Ko na gode bai turo ba. Ba cewa nake kai ma haka za ka yi ba, amma tun daga ranar ba na aika wa wanda ban ga aikinsa ba.

Manyan injinan da kake gani a hoto ana sayarwa da araha in wani wurin aiki ya rufe, yawancinsu masu layi ukku ne, wutar 380 ko 400 suke ci, gidanku kuwa 220 ce, in ma NIGELEC ta kawo. Na Amurka kuma 120 ne, ka jona shi a Maraɗi ya ƙone nan take, don haka duk injin da za ka saya ka fara karanta ɗan ƙarfen da ke manne a jikinsa, ka ga 220 ko 230. Masu batir kuwa ka bar su, batirin ya riga ya gaji kafin mai shi ya sayar, zafin watan Afirilu ya ƙarasa shi, sabon batirin kuma wani lokaci ya fi injin tsada.

Kai mai farawa ne, abin da kake buƙata ba shi da yawa: zarto, guduma, rabo, cizal kamar ukku, mita, sukwaya, magagari, dutsen wasi, da matsai na matse katako gwargwadon yadda aljihunka ya ɗauka don su ba a cewa sun isa. Injin huda mai waya guda ɗaya. Zarton wuta sai daga baya. Duk wannan kana samu a babbar kasuwar Maraɗi, ko ka bi ta Ɗan Isa ka shiga Katsina, ko Kano ka leƙa Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Ka tafi da oganka ko wani tsohon kafinta ka biya masa mota, kar ka tafi kai kaɗai, suna ganin fuskarka za su san baƙo ne.

Wajen dubawa nan ne zan tsaya, don nan ake cutar yara. Tsatsa ta sama ba komai ba ce, sandifefa da ɗan mai sun isa, amma in ta ci bayan cizal ko bakin rabo har ta yi ramuka, ba za ka taɓa samun kaifi ba ko ka kwana kana wasawa. Rabo na ƙarfe ka juya shi ka duba gefen bakin, in akwai tsaga ka aje, ƙarfen zubi ne ba ya gyaruwa da walda yadda za ya dawo daidai. Zarton da haƙoransa suka yi baƙi-baƙi an gasa su ne, magagari ba ya cin su, in ya dakushe shi ke nan, ka nemi tsohon yayi wanda ake wasawa. Sukwaya ka ɗora ta a gefen katako miƙaƙƙe ka ja layi, ka juya ta ka sake ja, in layukan biyu ba su hau kan juna ba ta karkace, kuma duk kabad ɗin da za ka yi da ita haka za ya fito. Injin wuta kar ka yarda da "wallahi jiya aka gwada", a jona a gabanka ko da janareto ne, ka saurari ƙararsa, ka shinshina, in yana ƙaurin ƙuna ko tartsatsi na fita da yawa ta ramukan iska to ko gawayin ciki ya cinye, wanda ƙaramin gyara ne, ko waya ta fara ƙonewa, wanda babba ne. Ka cire shi daga wuta ka girgiza bakin da hannu, in yana rawa boris ya tafi. Bosch kala biyu ne, shuɗi na masu sana'a, kore na ɗan aikin gida. Makita kuwa jabunsa ya cika kasuwa, in ka ɗaga ka ji shi sakayau kuma farashin ya yi daɗi fiye da kima, ka san abin da ke hannunka.

Abu guda da na hana ka, ko bayan raina. Kar ka kifa zarton wuta ƙarƙashin tebur ka mayar da shi injin tsaga katako kamar yadda ake yi a bakin titi, ba murfi ba komai. Katako yana matse bakin ya harbo da baya, hannu ya bi. Na san kafintoci a Maraɗi da yatsunsu ba su cika ba, a nan ma na gani duk da dokokinsu. In ka sayi zarton, ka tabbata murfin bakin yana komawa da kansa in ka sake shi, katako mai kauri kuma ka kai wa masu babban inji su tsaga maka ka biya, ba abin kunya ba ne, kowa haka ya fara.

Ka yi benci guda da ɗan tebur da kayan aikin hannu marasa wuta, ka ɗauko hoton ƙasansu da inda ka haɗa ƙafafu, ba saman da ka shafa wa fenti ba, ka turo mini. In na ga aikin ya yi, ina da rabo da cizal da matsai da ba na amfani da su, in wani ɗan gari za ya taho gida zan sa masa a jaka. Ka gaida mini uwarka, ka ce mata saƙonta na nan tafe ƙarshen wata.