Yaya jarumi ɗaya ke zama mutum biyu a tsofaffin finafinan barkwancin Amurka?

Tambaya: Malam, na kalli wani tsohon fim na Amurka inda yarinya ɗaya ta fito tagwaye, har suna hira kafaɗa da kafaɗa. Ai lokacin babu kwamfuta. Ta yaya aka yi?

Amsa: Da alama The Parent Trap na 1961 kake nufi, na kamfanin Disney, inda Hayley Mills ta fito Susan kuma ta fito Sharon. Dabarar ta girme shi nesa ba kusa ba.

Kafe kyamara ake yi, ko gezau. Sai a rufe rabin idonta, a ɗauki jarumi a hagu yana zuba zance da iska. A mayar da zaren fim baya, a rufe ɗaya rabin, ya sake kaya ya koma dama ya ba kansa amsa. Layin da ɓangarorin suka haɗu kuwa a jikin ƙofa ko ginshiƙi ake ɓoye shi. Kyamara ta gusa kaɗan ko haske ya canza, aiki ya ɓaci. Daga baya aka koma ɗaukar kowane rabi daban, a haɗa su a ɗakin wanke fim. In kuma ka ga ƙeyar ɗaya kawai ake nunawa, wata ce mai irin jikin yarinyar aka tsayar a madadinta.

Gwanin abin shi ne Buster Keaton. A The Playhouse na 1921 ya fito mutum tara a jere a kan dandamali, da kyamarar da ake juyawa da hannu!

Amma ni dai waɗanda ba su wahalar da kyamara ba sun fi ba ni dariya. A The Great Dictator na 1940, Charlie Chaplin ya fito wanzami Bayahude kuma ya fito ɗan kama-karya Hynkel, su biyun ba su taɓa haɗuwa ba. A Duck Soup na 1933 kuwa babu dabarar komai, mutum biyu ne ma suka zama kamar ɗaya: madubi ya fashe, Harpo Marx ya tsaya a gurbinsa cikin rigar barci da gashin baki irin na ɗan'uwansa Groucho, yana kwaikwayon duk motsin da ya yi, ko uffan babu.