Ƙanina ya ji rauni a shagon kawunmu, yana da haƙƙin diyya?

Tambaya: Barista, ƙanina ya shekara uku yana aiki a injin tsaga katako na kawunmu, ana biyansa duk mako. Kwana goma da suka wuce inji ya guntule masa yatsu biyu. Kawu ya biya kuɗin asibiti, ya ce iyakarta ke nan, wai ɗan gida ba ma'aikaci ba ne. Yaron nan da hannunsa yake ci. Haka ne?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Ba haka ba ne, kuma lokaci na ƙure muku. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba wanda ya ji rauni kwana 14 ya sanar da mai aikin, mai aikin kuma ya kai rahoto hukumar NSITF, mai kula da asusun biyan diyyar ma'aikata, cikin kwana 7. Ku rubuta takarda yau, ku ajiye kwafi. Neman diyyar kansa cikin shekara ɗaya ake yi.

Wannan magana ta "ɗan gida ne" ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. Dokar ta ce ma'aikaci shi ne duk wanda aka ɗauka aiki, da baki ko a rubuce, na dindindin ko na wucin gadi, har da mai koyon sana'a. Wurin da ta ambaci iyali kan masu aikin gida ne: wanda ke shara da wanke-wanke a gidan danginsa, shi ne ba ta lissafa cikin ma'aikata ba. Injin katako ba aikin gida ba ne, sana'a ce ta neman riba. Amma sai a tara dattawa a zaure, a ce ƙaddara ce, zumunci ya fi kuɗi, wani da bai taɓa buɗe dokar ba ya kawo takarda yaro ya dangwala cewa ya yafe. Na ga matashi ya dangwala irin wannan takarda da hannun hagu, na dama na naɗe da bandeji. Takardar banza ce, doka ta soke duk yarjejeniyar yafe diyya. Ba kuma ƙarar kawu za ku kai ba, asusun NSITF ne ke biya, ba a tambayar laifin wa. Mai aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa, kuma doka ta hana shi cirewa daga kuɗinsu.

Idan kawu bai yi rajista ba, ku je ofishin NSITF da kanku da takardun asibiti da shaidar biyan mako-mako. In an hana ku, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.