Na'urar auna zafin siton albasa: me zan duba kafin in cika kuɗi?

Tambaya daga wani ɗan kasuwar albasa a Marwa: "Ina da sito uku a bayan gari. Wani mai sana'a ya kafa mini ƙananan na'urori masu auna zafi da danshi, suna aiko da saƙo ta rediyon LoRa (mai kai ƙananan saƙonni nesa) zuwa wata uwar na'ura a shagona. Na ba shi rabin kuɗi. Ya nuna mini lambobi a waya, RSSI da SNR, ya ce komai lafiya. In cika masa?"

Alhaji, kada ka cika tukuna, sai an gwada na mako guda sito yana cike. Albasa kusan duk ruwa ce, ruwa kuwa yana shanye siginar rediyo, rufin kwano kuma yana mayar da ita baya. Na'urar da ta yi magana ras a sito babu kaya tana iya yin gum idan aka jibge buhuna kewaye da ita.

Kowane saƙo da ya iso yana ɗauke da wasu bayanai ban da zafi da danshin: lambar na'urar da ta aiko, lambar jerin saƙo, lokacin isowa, sai RSSI da SNR da uwar na'ura ta auna. Ka ce ya fitar maka da su duka a takarda.

RSSI ƙarfin siginar ne lokacin da ta iso, ana rubuta shi da dBm, da alamar ragi a gaba. Ka ɗauke shi kamar bashi: wanda ake bi 95 ya fi wanda ake bi 115 sauƙi, don haka -95 ya fi -115 ƙarfi. Duk ragin 10, ƙarfin ya faɗi ninki goma ke nan. Abin da ya kai -120 ya kusa bakin iyaka. Sai dai RSSI ba ya bambance sigina da hayaniya, duk abin da ya shiga eriya aunawa yake yi.

SNR ne ke faɗin yadda siginar ta ɗara hayaniyar da ke wurin. LoRa tana iya tsamo saƙo ko da hayaniya ta rinjaye shi, amma da iyaka, kuma iyakar ta danganta da saitin saurin aika saƙo da ake kira SF. A SF7 iyakar wajen -7.5 ce, a SF10 -15, a SF12 -20. Ka tambaye shi saitin kowace na'ura, ka nemi a samu ratar kamar 10 tsakanin SNR ɗinta da iyakar. Idan RSSI na da kyau amma SNR ya lalace, hayaniya ce a kusa da uwar na'ura, galibi inbata ta sola ko wata eriya. Maganinsa sauya mata wuri, ba sayen sabuwa ba.

Ga inda kuɗi ke zurarewa. Mai kafawa zai iya ɗaga saiti zuwa SF12 don saƙo ya iso ko ta halin ƙaƙa. Zai iso ɗin, amma kowane mataki na SF kusan ninka lokacin aikawa yake yi: ɗan saƙon da bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba a SF7 yana wuce daƙiƙa guda a SF12. Batir ne ke biyan wannan, wato kai. Sau da yawa ɗaga eriyar uwar na'ura a kan dogon ƙarfe, ta haye rufin maƙwabta, ya fi arha nesa ba kusa ba.

Lambar jerin saƙo ita ce alƙalinka. Idan na'ura tana aikawa duk minti 15, a rana saƙo 96 ne, a mako 672. Ka ga 410 sai 414, uku sun ɓata a hanya. A ganina, idan fiye da 5 cikin 100 suka ɓata, wato sama da 33 a mako, aiki bai kammala ba. Ka dubi lokacin ɓatan kuma. Duk na'urori sun yi shiru tare? Wutar shago ce ko intanet ɗin uwar na'ura, sai a sa mata batir na ko-ta-kwana. Guda ɗaya ce kawai? Matsugunninta ne ko batirinta. Idan lambar ta koma sifili, na'urar ta mutu ta tashi, a duba ko batir ya yi sako-sako, ko zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin kwano ya dafa ta.

Ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu: za ka cika kuɗi bayan gwajin mako guda da sito cike, amma ka riƙe wani kaso har damina ta sauka, domin jiƙaƙƙen bangon ƙasa da ganyen bishiya suna ƙara rage sigina. A sa a takardar wa zai sauya batir da nawa ne kuɗinsa, da kuɗin intanet na kowane wata a sefa. Ka kuma nemi shaidar cewa hukumar sadarwa ta Kamaru, ART, ta amince da irin na'urar, tunda akwai masu aiki a zangon rediyo na 868 MHz na kasuwar Turai da masu 915 MHz na Amurka, kuma eriyar ɗaya ba ta yi wa ɗayar aiki yadda ya kamata.