Yayana ya sayi sarautar Lord a intanet: da gaske ya shiga gidan Mar na Sikotlan?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina cikin damuwa game da yayana. Wata uku da suka wuce wani dillali ya haɗa shi da wani kamfani a intanet, ya biya kuɗi, aka aiko masa da takarda mai hatimi da zanen garkuwa. Wai ya mallaki ɗan fili a Sikotlan, taku ɗaya tsawo taku ɗaya faɗi, don haka daga yau sunansa Lord. Dillalin ya ce filin yana ƙasar Mar, kuma tun da yanzu haka mutum biyu ke riƙe da sarautar Earl na Mar, ƙofa a buɗe take, in ya ƙara kuɗi za a shigar da shi salsalar gidan. Yaya ya buga kati, yana shirin walima bayan sallah, har yana so ya haɗa takardar cikin takardun neman bizar Birtaniya. Tarihi na karanta a jami'a, na san yadda sarautun Turawa suke sama-sama, kuma hankalina bai kwanta ba. Gaskiya ne akwai Earl na Mar biyu? Takardar nan tana da wata daraja?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka yi daidai da hankalinka bai kwanta ba. Abu ɗaya ne gaskiya cikin maganar dillalin nan: lallai sarautar Earl na Mar, wato babban basaraken ƙasar Mar, biyu ce. Amma yadda aka yi ta zama biyun shi ne ma babbar hujjar da ke nuna babu kuɗin da zai samar da ta uku.

Mar ƙasa ce a arewa maso gabashin Sikotlan, tsakanin kogin Dee da kogin Don, yamma da Aberdeen. Masu mulkinta tun fil azal ana kiran su mormaer da harshen Gaelik, kafin a koma kiran su Earl. Tsofaffin littattafan tarihin Ayalan sun ambaci wani mormaer na Mar mai suna Domnall cikin waɗanda aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. Gida ne da jininsa ya shiga gidan sarautar ƙasar kanta: Isabella ta Mar ita ce matar Sarki Robert Bruce ta fari, kuma jikanta Robert na II ne ya buɗe mulkin gidan Stewart a 1371.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne wannan tsohuwar sarauta mace na gadonta. Da mazan gidan suka ƙare a ƙarni na 14, sai ta bi ta wajen mata har ta faɗo hannun Isabel Douglas. A 1404 Alexander Stewart, ɗan wani basarake da aka yi wa laƙabi da Kyarkecin Badenoch saboda ta'asarsa, ya kame fadarta ta Kildrummy, ya sa ta rubuta masa takardar mallaka. Da ya ga abin ya yi muni a idon jama'a, sai a watan Disamba aka tara shaidu a ƙofar fadar, har da bishop. Ya miƙa mata makullai a gaban kowa, ita kuma riƙe da makullan ta ce ta zaɓe shi miji da yardarta. Duba fa, mutumin da ke da dakaru da takobi ma sai da ya nemi shaidu da takarda. Isabel ta rasu ba ɗa, shi ma ya mutu a 1435, sai fadar sarki ta haɗiye sarautar da ƙasar.

Gidan Erskine, waɗanda suke da jinin Mar ta wajen mace, suka ce gadonsu ne. A 1457 Sarki James na II ya sa aka yanke hukunci ba su da haƙƙi. Shekara ɗari da talatin suna bin wannan gado tun mutuwar Alexander, sai a 1565 Sarauniya Mary ta mayar wa John Erskine. Shi ne daga baya ya zama mai riƙon ƙwaryar mulkin ƙasar a 1571, kuma a hannun gidansa aka yi renon Sarki James na VI a fadar Stirling. Wani jikan gidan, shi ma John, ya goyi bayan haɗewar Sikotlan da Ingila a 1707, amma da Sarki George na I ya sauke shi daga muƙami sai ya juya, ya kafa tutar tawaye a Braemar ranar 6 ga Satumba 1715. A yaƙin Sheriffmuir, a watan Nuwamba, ya fi Duke na Argyll, jagoran dakarun gwamnati, yawan mayaƙa amma ya kasa cin nasara. Ya tsere Faransa, majalisa ta ƙwace sarautar a 1716, ya mutu a gudun hijira a Aachen a 1732. Sai a 1824 wata dokar majalisa ta mayar wa jikansa.

Rigimar da ta raba sarautar biyu ta taso ne a 1866, lokacin da mai riƙe da ita ya rasu ba ɗa. Ɗan 'yar'uwarsa, John Goodeve-Erskine, ya ce shi ne magaji tun da sarautar na bin mace. Wani ɗan'uwansu ta wajen maza, wanda ya gaji sarautar Earl na Kellie, ya ce ina. A 1875 Majalisar Dattawan Birtaniya ta yanke cewa abin da Mary ta bayar a 1565 sabuwar sarauta ce ta maza zalla, ta ba gidan Kellie. Masana shari'ar Sikotlan da dama ba su gamsu ba, ni ma a ganina hukuncin na da rauni, domin an gina shi ne a kan takardar naɗi da ba wanda ya gabatar da ita. Ƙorafi ya yi yawa har a 1885 majalisa ta yi doka ta musamman ta mayar wa Goodeve-Erskine tsohuwar sarautar. Shi ya sa yau ake da biyu. Tsohuwar tana hannun Margaret ta Mar, ta 31 a jerin, manomiya ce da ta gada a 1975, ta zauna a Majalisar Dattawa har ta yi murabus a 2020. Ta 1565 kuwa tana hannun James Erskine, Earl na Mar na 14 kuma na Kellie na 16.

To ka lissafa da kanka. Mutanen da jininsu ba a shakkarsa, masu lauyoyi da takardun ɗaruruwan shekaru, sai da suka yi shekara goma sha tara ana fafatawa, sai da majalisar ƙasa ta zauna ta yi doka. Wannan gidan ne dillali yake cewa zai shigar da yayanka salsalarsa da kuɗin da za a tura ta waya?

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin ba yayanka ne na fari ba. Kusan duk wanda ya kawo mini irin takardar nan da magana ɗaya yake zuwa: ai a Sikotlan duk mai fili Laird ne, Laird kuwa shi ne Lord. Wannan magana ƙarya ce daga tushe, kuma a kanta aka gina duk kasuwar. Laird ba sarauta ba ce. Kalma ce da mutanen karkara ke kiran mai babbar gona da ita, mutumin da suke zaune a ƙasarsa, suke yi masa aiki, kamar yadda barori da maƙwabta za su ce maigida. Ba wanda ke naɗa Laird, ba wanda ke tuɓe shi. Kotun Lord Lyon da ke Edinbara, wadda ita ce hukumar da doka ta ɗora wa lamarin tambarin gidaje da salsala a Sikotlan, ta fito ƙarara ta bayyana cewa kalmar siffa ce kawai, ba daidai take da Lord ba, kuma mallakar ɗan filin tsaraba irin wannan ba ya sa a kira mutum da ita.

Ko filin ma ba nasa ba ne. A dokar Sikotlan, mallakar ƙasa ba ta tabbata sai an shigar da sunan mutum rajistar filaye ta ƙasa. Dokar rajistar filaye ta 2012 ta hana a yi wa irin waɗannan 'yan filayen tsaraba rajista, kamar yadda ta 1979 ta hana tun da farko. Saboda haka a idon hukuma filin yana nan da sunan wanda ya sayar. Idan kamfanin ya sayar da dajin da filin yake ciki gaba ɗaya gobe, ko ya karye, yayanka takarda kawai zai tsira da ita. Cinikin biri a sama ke nan.

Na taɓa karɓar irin wannan takarda daga hannun wani dattijo da ya sa ta a firam mai ruwan zinari, ya naɗe da ƙyalle don kada ƙura ta taɓa ta. Muka juya bayanta, muka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa tare. Su kansu masu sayarwar sun rubuta cewa abin na nishaɗi ne da kyauta, kuma kowa na da 'yancin kiran kansa sunan da ya ga dama. Nan ne dabararsu take. A Birtaniya mutum na iya kiran kansa duk abin da yake so muddin ba zamba zai yi da shi ba, to sai su sayar maka da 'yancin da kake da shi tun asali ba ko sisi. Dattijon nan ya daɗe bai ce uffan ba, domin ya riga ya gaya wa surukansa. Har yau in na tuna fuskarsa raina na ɓaci. Su Turawan da ke saye yawanci sun san wasa ne, kyautar ranar haihuwa suke yi da shi. Dillalanmu ne ke ɗauko abin wasan nan su ninka kuɗinsa, su kawo wa mutanen da suka san darajar rawani, su ce musu naɗi ne. Sun san mu mutane ne masu girmama sarauta, da wannan girmamawar suke cutar mu.

Sarautar gaske ta Sikotlan kuwa, irin su Duke da Earl da Lord na Majalisa, an daina ƙirƙirar sabbinta tun haɗewar 1707. Waɗanda suke akwai gado ne kawai ke tafiyar da su. Wanda ke riƙe da ita ma ba shi da ikon sayarwa, ba shi da ikon yin wasiyya da ita ga wanda ya so. Sayar da sarauta ko lambar girma laifi ne a ƙarƙashin dokar 1925, wadda aka yi bayan abin kunyar cinikin muƙamai a zamanin Firaminista Lloyd George, kuma a 1933 an ɗaure dillalin wannan harka, Maundy Gregory, wata biyu tare da tarar fam 50. Akwai abu ɗaya da ake saye bisa doka, wato tsohuwar sarautar Baron da a da take haɗe da mallakar fili, wadda dokar shekarar 2000 da ta fara aiki ranar 28 ga Nuwamba 2004 ta raba ta da fili ta mayar da ita kadara mai zaman kanta. Na ambace ta ne don dillalin zai iya fakewa da ita. Ita ma ba ta sa mutum cikin jerin Earl da Duke, ba ta ba shi kujera a majalisa, cinikinta da lauyoyi ake yi da kuɗi masu nauyin gaske, kuma ba ta zuwa da fili mai faɗin tafin ƙafa.

Zanen garkuwar da ke kan takardar ma ka duba shi da kyau. A Sikotlan tambari na mutum ɗaya ne, ba na duk mai suna iri ɗaya ba, kuma tun 1672 ake rubuta su a rajista. Amfani da tambarin wani ko wanda ba a yi wa rajista ba laifi ne a can, kotun Lyon tana da mai gabatar da ƙara nata. Idan tambarin gidan Mar ko na Erskine yayanka ya buga a katinsa, kayan mutane ya ɗauka bai sani ba.

Maganar biza ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma a nan nake roƙonka ka tsaya tsayin daka. Ko gida sukutum mutum ya mallaka a Birtaniya, wannan ba ya ba shi izinin shiga ƙasar. Idan kuma ya gabatar da takardar nan a matsayin shaidar yana da ƙasa a can, ko ya rubuta Lord a fom alhali babu shi a fasfonsa, jami'in da ke dubawa na iya ɗaukar abin yaudara, hukuncin yaudara kuwa yana kai wa hana mutum shiga har shekara 10. Kada ya bari takardar banza ta ɓata masa tafiyar asibiti ko karatun 'ya'yansa nan gaba.

Ka same shi ku biyu, ba a gaban matansa ko yaransa ba, domin babba ne kuma kunya ce za ta fi damunsa a kan kuɗin. Ka ce masa, Yaya, zo mu duba tare. Akwai kundin hukuma na masu sarautar gado da ta rai da rai a Birtaniya, wanda aka kafa a 2004, yana intanet kowa na iya buɗewa. Ku nemi Mar a ciki, zai ga sunaye biyun da na ambata, ba zai ga na uku ba. Sannan ku nemi dillalin ya kawo lambar rajistar filin da sunan Yaya a rajistar filaye ta Sikotlan. Kada a ƙara masa ko kwabo kafin ya kawo, ba zai kawo ba kuwa. Ku adana rasit da duk saƙonnin da ya turo inda ya yi alkawarin salsala, domin da su za ku nemi kuɗinku ko ku kai ƙara gaban hukuma. Katin da aka buga a ajiye shi, a dakatar da walimar tun goron gayyata bai fita ba.